Ƙananan baƙaƙen da ke cikin konceto na 26 na Mozart, na wane ne?

Asabe Jos:
Jama'a barkanmu da yamma. Tambayata ga masu karanta rubutun kiɗa ce. Ina koyon konceton fiyano na 26 na Mozart, wato kiɗan da fiyano ke jagoranta ƙungiyar makaɗa na raka ta, mai lamba K. 537 a jerin ayyukansa. Littafin da malamina ya ara mini tsohon bugu ne, baƙaƙen kiɗan cikinsa, wato alamomin sauti, duk girmansu ɗaya. Da na sauko da bugun Neue Mozart-Ausgabe, wato sabon bugun masana na ayyukan Mozart, daga intanet don in kwatanta, sai na ga layin hannun hagu a wurare da yawa da ƙananan baƙaƙe aka buga shi. Kashi na biyu kuwa tun daga farko har ƙarshe haka yake. Firinta ce ta yi mini wasa ko da gangan ne? In da gangan ne, kaɗa su ake yi ko tsallakewa?

Ɗanjuma Kibod:
Tawada ce ta kusa ƙarewa, ƙanwata. Ki canza shago.

Uwar Biyu:
Ɗanjuma ka bar yarinya ta yi karatu. Asabe, firintarki lafiya lau take. Manyan baƙaƙen su ne abin da Mozart ya rubuta da hannunsa. Ƙananan ba nasa ba ne. Rubutun hannunsa na wannan konceto yana nan har yau a ɗakin karatu na Morgan a birnin New York, an kuma buga hotonsa a littafi a 1991. Duk wanda ya duba zai ga layin hagu fayau, babu komai, a wurare masu yawa. Shigowar fiyano ta farko ma, daga gaɓa ta 81 zuwa ta 99, hannun dama kaɗai ya rubuta. Kashi na biyu kuma gaba ɗayansa babu hagu.

Dalili a bayyane yake. Don kansa ya rubuta shi. Ya shigar da shi cikin kundin ayyukansa ranar 24 ga Fabrairu 1788, ya kaɗa shi a fadar Dresden a watan Afrilu 1789, sannan a Frankfurt ranar 15 ga Oktoba 1790 lokacin bikin naɗin sarautar Leopold na biyu, daga nan ne ma aka laƙaba masa sunan konceton naɗi. Mutumin da zai zauna gaban fiyano da kansa ba ya buƙatar ya rubuta wa kansa rakiyar da ya riga ya sani. Inda hagu ke da aiki na musamman, ya rubuta. Inda rakiya ce kawai, ya bar gurbi. Ya rasu a Disamba 1791 ba a buga konceton ba. Sai a 1794 maɗaba'ar Johann André da ke Offenbach ta fitar da shi, kuma tunda ba za ka sayar wa mutane littafi rabinsa fari ba, wani ya zauna ya cike guraben. Abin da aka cike ɗin ne kike gani ƙanana.

Asabe Jos:
Ikon Allah. Anti, ke nan abin da nake ta fama da shi da hannun hagu duk ba na Mozart ba ne?

Uwar Biyu:
Ba duka ba. Ki bi shafi-shafi, za ki ga inda babba yake da inda ƙarami yake. Aikin da editan ya yi miki ke nan. Sunansa Wolfgang Rehm, juzu'in ya fito a 1960.

Baban Ladi:
Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba. Bari in faɗi nawa a matsayin wanda ya tsufa yana koyar da yara fiyano da ogan. 'Yata Asabe, ki kaɗa abin da ke kan takarda, babba da ƙarami, ki huta. Wannan hannun hagun da ake raina wa, sama da shekara 200 ke nan manyan makaɗa suna kaɗa shi a manyan zauruka, ba wanda kunnensa ya yi ciwo. Wanda ya cike shi mutumin zamanin Mozart ne. Kiɗan da Mozart ya ji shi ma shi ya ji, irin fiyanon da Mozart ya taɓa shi ma ita ya taɓa. Shekara uku kacal tsakanin rasuwar Mozart da fitowar bugun. Kuma ku duba taswira, Offenbach maƙwabciyar Frankfurt ce, inda aka kaɗa shi a 1790. Wa ya san ko wanda ya cike ɗin yana cikin masu sauraro ran nan? Mu da muka zo bayan ƙarni biyu, da kunnen da ya saba da kibod da rediyo, mu ne za mu ce mun fi shi sanin abin da ya dace?

Ɗan Tudun Wada:
Baba ya yi gaskiya. Kuma ai André ɗin nan shi ya sayi takardun Mozart daga hannun matarsa Constanze. Wanda ke riƙe da asalin takardu ai ba za a ce bai san abin da yake yi ba.

Uwar Biyu:
André biyu ne, Ɗan Tudun Wada. Wanda ya sayi takardun ɗan ne, Johann Anton André, a ƙarshen 1799, bayan rasuwar mahaifinsa. Bugun da muke magana ya riga wannan ciniki da shekara biyar. Kuma ko da takardar tana hannunsu tun farko, me za ta ba su? Gurbin da muke magana a kai a cikin takardar yake.

Baba, ban ƙi maganarka ba, da girmamawa. Kusancin zamani hujja ce, shi ya sa ma Rehm bai jefar da cikon ba, ya ajiye shi. Amma "wa ya san ko ya ji" ba ta isa ta mayar da shi maganar Mozart ba. Ba mu ma da tabbacin sunan wanda ya yi aikin. Masanin tarihin kiɗa Alfred Einstein, ba mai kimiyyar nan Albert ba, yana ganin Johann André, uban, ne da kansa, kuma ra'ayinsa shi ne galibin cikon mai sauƙi ne ba ya ɓata komai, amma a wasu wurare, musamman rakiyar jigon kashi na biyu, aikin bai yi kyau ba. Ni ma da na zauna na kaɗa shi a hankali na ji abin da yake nufi. Hannun dama yana tafiya cikin natsuwa, hagu kuma kamar an ce masa kawai kar ya zauna shiru.

Malam Na-Zariya:
Assalamu alaikum. Ni ba makaɗi ba ne, ɗana ne ya sa ni cikin wannan zaure, amma aikina tahƙiƙin tsofaffin littattafai ne na rubutun hannu, don haka wannan magana ta shigo gonata.

Abin da Hajiya ta bayyana mun san shi sarai. Malami zai rubuta matani a taƙaice saboda ya san zai yi bayani da baki a zaure. Almajiri ya zo ya sa hashiya a gefe ko tsakanin layuka, da siririn alƙalami, kowa ya gani ya san wannan ba maganar mai littafi ba ce. Matsala tana farawa ranar da wani mai kwafi ya ɗauki hashiyar ya zuba ta cikin matani da alƙalami ɗaya. Bayan ƙarni guda sai ka ji ana rantsuwa cewa Shehu ne ya faɗa. Hashiyar nan tana iya zama daidai, tana iya ma fin abin da ni zan rubuta kyau. Amma amana ita ce a raba su. Mai tahƙiƙi ba aikinsa ba ne ya ce maka kar ka karanta hashiya. Aikinsa ya nuna maka inda mai littafi ya ajiye alƙalami.

To in na fahimci zancen, littafin da malamin Asabe ya ba ta irin kwafin da aka cakuɗa ne, wanda ta sauko da shi kuma an tace. Baban Ladi yana cewa hashiyar mai kyau ce. Hajiya tana cewa hashiya ce dai. Ban ga inda maganganun biyu suka ci karo ba.

Baban Ladi:
Malam, Allah ya ƙara sani. Inda suka ci karo shi ne gaban ɗalibi. Kai mai bincike ne, kana da lokacin zama da takardu. Ni yaro ne a gabana da jarrabawa a gabansa. Ranar da na gaya masa "wannan ba na Mozart ba ne", abin da kunnensa zai ji shi ne "wannan ba dole ba ne". Gobe sai ya zo mini da hagu na kansa wanda ko jituwar sauti babu.

Ɗanjuma Kibod:
Yawwa, an zo wurin. Ni dai abin da na tsinta a nan shi ne Mozart ya bar fili. Ni da kunne nake kaɗawa, ban taɓa jiran takarda ta gaya wa hannun haguna abin da zai yi ba. Asabe ki turo mini sautin, in cike miki shi yau da dare, har da ɗan gishiri.

Baban Ladi:
Kun gani ko? Ga misalin ya kawo kansa.

Uwar Biyu:
Ɗanjuma, filin da katanga. Na farko, jituwar sautin ba a hannunka take ba. Sau da yawa abin da makaɗan goge ke yi a ƙasa, ko yadda jigon ya dawo a bakin sauran makaɗa, ya riga ya faɗa maka sautin da za ka taka. Na biyu, fiyanon Mozart ba irin tamu ba ce. Tasa da Anton Walter ya ƙera tana nan a Salzburg, maɓallanta 61 ne, tamu 88. Ƙasanta siriri ne, sauti ba ya daɗewa. In ka zuba manyan dunƙulallun sauti can ƙasa kana danne feda, ka fita daga kiɗan gaba ɗaya. Na uku, akwai konceto sama da 20 da ya rubuta hagunsu cikakke. Wanda zai cike gurbi a nan sai ya sha waɗancan har sun zama jininsa. Irin su makaɗin fiyano Robert Levin da ke ƙirƙira nan take a gaban jama'a, shekaru suka yi suna wannan karatu. Ba gishiri ba ne.

Ɗanjuma Kibod:
Anti kin kashe mini kasuwa.

Ɗan Tudun Wada:
Ni tambayata daban ce. In haka ne, sauran konceton da hagunsu ya cika, su ke nan an huta, abin da ke takarda shi ne abin da Mozart ya kaɗa?

Uwar Biyu:
Ko kusa. Wannan ne ma ya fi ba ni sha'awa. A K. 537 gurbin a fili yake, ido na ganinsa. A wasu wuraren gurbin yana ɓoye cikin abin da ya yi kama da cikakke.

Ga misali mai hujja. A 1784 Mozart ya aika wa gidansu a Salzburg konceto K. 451. Yayarsa Nannerl, wadda ita ma gwanar fiyano ce, ta duba kashi na biyu ta ce akwai wurin da wani abu ya yi ƙaranci. A wasiƙarsa ta watan Yuni na shekarar Mozart ya amsa cewa ta yi gaskiya, zai aiko da cikon. Kuma ƙawatacciyar sigar waɗannan gaɓoɓi ta tsira, ana iya kwatanta ta da ta farko. Ka ga ke nan abin da ya fara rubutawa ƙashi ne, naman yana cikin yatsunsa. Haka kashi na biyu na K. 488, inda hannun dama ke tsalle daga sauti ɗaya mai tsawo zuwa wani can nesa. Akwai takarda da ake dangantawa da ɗalibarsa Barbara Ployer, ta cike wuraren nan da gudu da ado har sai ka ce ya yi yawa. Ni kaina ba na son sigarta, na fi son wurin da ɗan sarari. Amma ta nuna cewa mutanen da suka zauna kusa da shi ba su ɗauki farin wurin a matsayin wurin shiru ba.

A rubutun K. 491 kuma, wanda ke Landan, akwai inda ya soke ya sake ya kuma sokewa, akwai inda sautin farko da na ƙarshe kawai ya sa, tsakani sai mai kaɗawa ya san yadda zai yi.

Baban Ladi:
To ai kin dawo kan maganata ba ki sani ba. In har takardar Mozart da kanta ba ta cika ba, me ya sa ake ɗaukaka bugun masana kamar shi ne ƙarshen zance? Yaran yanzu suna ganin an rubuta Urtext, wato matanin asali, a bango sai su ɗauka saukakke ne. Tsofaffin bugun da ake zagi, aƙalla suna gaya wa ɗalibi yatsan da zai sa, inda zai sassauta, inda zai ƙara ƙarfi. Wannan kuwa ya bar ka a tsakiyar daji ya ce ga gaskiya nan.

Malam Na-Zariya:
Nan kam ina tare da Baban Ladi rabi. Babu tahƙiƙin da yake ƙarshe. Edita mutum ne, zaɓi yake yi, kuma ana samun sabon ilmi bayansa.

Uwar Biyu:
Haka ne Malam, ga ma misali a cikin juzu'in da Asabe ke riƙe da shi. Konceto na ƙarshe, K. 595, yana ciki. Mozart ya sa masa ranar 5 ga Janairu 1791, mutane suka daɗe suna jin sa a matsayin bankwana. Daga baya wani masani, Alan Tyson, ya bi takardun Mozart yana nazarin tambarin da masu yin takarda ke bari a jikinta, ya nuna cewa yawancin konceton a kan takardar wajen 1788 aka fara shi. Wannan binciken ya zo bayan 1960. Don haka ba wanda ya ce Rehm ya rufe ƙofa.

Amma Baba, bambancin da nake kare wa ɗaya ne. Tsohon cikakken bugun Breitkopf da Härtel, wanda aka fara a 1877, ya buga hagun K. 537 ba tare da ya bambanta na Mozart da na mai ciko ba, bugu da yawa kuma suka kwafa daga gare shi. Wanda ya koya daga nan bai ma san akwai tambaya ba. Sabon bai hana ka yatsu ko shawarar malami ba, kai ne malamin, ka rubuta wa ɗalibarka da fensir. Abin da ya ƙi yi shi ne ya sa maganar wani a bakin Mozart. Ko kalmomin saurin kiɗa da ke saman kashi na biyu da na uku, Larghetto (a hankali) da Allegretto (da ɗan sauri), an yi musu alama cewa a rubutun asali hannun wani ne ya sa su. Wanda ya san haka zai yi tunani kafin ya ja kashi na biyu kamar ana rakiyar gawa.

Asabe Jos:
Wannan na Larghetto ya taɓa ni, domin kullum ana ce mini in rage sauri. To yanzu ni me zan yi? Wasan ƙarshen zango ne, ba mu da ƙungiyar makaɗa, malamina ne zai kaɗa nasu ɓangaren a fiyano ta biyu.

Baban Ladi:
Ki kaɗa na André. Ki kaɗa shi da tsabta. In kin kai shekarun Uwar Biyu kya yi naki.

Uwar Biyu:
A wannan karon ni ma abin da zan ce ke nan, kar Baba ya yi mamaki. Sai dai ki ɗauki fensir ki bi littafin malaminki, duk inda bugun masana ya sa ƙanana ki ja layi a ƙarƙashi. A wuraren nan ki sassauta hagu, kar ki ba shi nauyin da za ki ba abin da Mozart ya rubuta. In wani wuri a kashi na biyu ya yi miki cunkoso, ku zauna da malaminki ku rage sauti ɗaya ko biyu, ba laifi ba ne, ba kuma gyaran Mozart kuke yi ba. Ki kuma kula, wanda kika sauko da shi cikakken rubutu ne na dukan makaɗa. Cibiyar Mozarteum ta Salzburg ce ta sa shi kyauta a intanet tun 2006 don karatun mutum na kansa. Na fiyano biyu daban ake sayar da shi, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne, don haka ki riƙe na malaminki ki gyara shi da fensir.

Ɗan Tudun Wada:
Rashin ƙungiyar makaɗa ma kar ya dame ki sosai. In ban manta ba Mozart da kansa ya ce wasu kayan ba dole ba ne.

Uwar Biyu:
Ka tuna daidai. A kundinsa, bayan ya jera sarewa da sauran kayan busa da kakakin Turawa da tambura, ya rubuta cewa ganin dama ne. Masana na saɓani ko kakaki da tambura kaɗai yake nufi ko dukan kayan busan. Amma bai ce a cire masu goge ba, don haka malamin Asabe yana da aiki a gabansa.

Asabe Jos:
Na gode ƙwarai, Baba da Anti da Malam. Saura abu ɗaya. Kusa da ƙarshen kashi na farko akwai inda kowa ya tsaya aka bar fiyano ita kaɗai. A littafin malamina akwai doguwar kadenza a wurin, shafi biyu. A bugun masana babu komai sai alamar tsayawa. Ita ma ta André ce?

Uwar Biyu:
Ba a samu kadenzar Mozart ta wannan konceto ba, shi ya sa suka bar wurin haka. Ta cikin littafin malaminki wani ne ya rubuta daga baya. Ki duba saman shafin ko gabatarwa, galibi ana sa sunan mai ita. Ki kuma duba ko ta haura maɓallan da fiyanon Mozart ke da su, wato ko ta wuce F na uku sama da C ta tsakiya. In ta wuce, kin san don fiyanon baya aka yi ta. Ki ɗauki hoton shafin ki turo nan mu gani kafin ki fara haddace ta.

Baban Ladi:
Shafi biyu ya yi mata yawa a wasan zango. In an turo zan nuna inda za a yanke.